Yadda Ake Raba Shagon Waya Gida Biyu

Idan kana da shagon waya kai da wani, kuma shagon ya kama tafiya har mutane sun saba da shi, kada hankalinka ya tashi, akwai magani. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Na yi maka alkawari, kafin a kai hatsi rumbu shagon ya mutu murus, kun rabu kowa da mutuncinsa, kuma ba wanda zai matsa gefe idan ka shiga sahu a masallaci.

Hanyar ba daga kaina na ƙago ta ba. An gwada ta a nan Tawa, bayan tashar mota, a shagon Alhaji Yunusu da Sadiƙu, shekarun da aka fara jin kalmar intanet a rediyo. Ni lekol ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, amma na zauna a bencin shagon nan tun yana warin fenti har ranar da aka fitar da bencin waje. Abin da zan koya maka, na gan shi da idona.

Mataki na 1: Ka nemi abokin da ba ka gane aikinsa

Wannan shi ne tushe. Idan kun san aikin juna za ku riƙa fahimtar juna, fahimta kuwa tana ja wa shago tsawon rai.

Dubi Alhaji Yunusu. Mutumin Maraɗi ne, albasa yake kaiwa kudu. Ɗakin nasa ne, kuɗin jawo layin waya ma nasa. Sadiƙu kuma ɗan Damagaram, ya gama karatu a Yamai aka ce gwamnati ta daina ɗaukar ma'aikata, sai ya taho Tawa da ordinatar a cikin kwali: akwatin ƙarfe guda, gilashi mai kama da talabijin, da allon da ake dannawa. Kullum da hantsi na'urar tana kiran Yamai ta wannan layin guda, ta yi ta fito kamar buta a kan wuta, ta kwaso saƙonnin da aka rubuto wa mutane daga nesa, ta adana a cikin akwatin. Ranar farko Alhaji ya tsaya ya saurara, ya tambaya ko fiton ma biyansa ake yi. Sadiƙu ya ce ana biya. Alhaji ya ce to, Allah ya sa alheri.

Kada ku rubuta komai a takarda. Takarda ta waɗanda ba su yarda da juna ba ce. Ku yi musabaha, a yi fatiha, a raba goro. Abin da kowannenku ya ɗauka an ce, ya riƙe shi a ransa, zai yi amfani nan gaba.

Mataki na 2: Ka bar mutane su jingina da lambarka

Shagon da ba wanda ya dogara da shi, ko ya mutu ba a lura. Saboda haka a farko ka yi kirki sosai. Ka shimfiɗa tabarma, ka ajiye randa da moɗa. Duk wanda ya ce ko zai iya ba danginsa lambar shagon kamar tasa, ka ce masa shago nasa ne.

Masu sayar da fata suka rubuta lambar a jikin allunansu. Mutanen wani furoje, wato aikin agaji mai gina rijiyoyi, suka ba Turawansu adireshin na'urar Sadiƙu. Mu kuma mutanen ƙauye muka ba 'yan'uwanmu da suka tafi biɗa, wato ci-rani.

Ga misali, don ka ga irin jinginar da ake so. Yayana Ɗahiru ya bar Tebaram ya tafi Abijan, damina ta uku ke nan. Ba shi da ɗaki nasa, ba shi da adireshi, agogo yake sayarwa a bakin titi. Bai iya karatu ba, amma ya hardace lambar shagon kamar waƙa. Lahadin farkon kowane wata, ranar kasuwar Tawa, bayan azahar yakan kira. Ni nake ɗauko Inna a motar kasuwa, wani sa'in da matarsa Fatimata. Mu ba mu da hanyar kiransa. Shi kaɗai ke da hanyar kiranmu.

Inna ba ta faɗin sunansa, don ɗan fari ne. Idan aka miƙa mata kan wayar sai ta riƙe shi nesa da kunne, ta tambayi lafiya, ta ce an yi ruwa ko ba a yi ba, ta ce akuyar nan ta haihu, sannan ta tuna akwai ƙwaryar da take son dubawa a kasuwa. Ta fita, ta bar Fatimata da wayar. Ba ta taɓa sayen ƙwarya ba.

To, baban Fatimata mutumin kirki ne, amma ya ce ɗiyarsa ba za ta tsufa tana jiran Lahadi ba. Ya ce yana so ya ji daga bakin Ɗahiru yaushe zai dawo. Idan ya ji, ya haƙura. Idan har aka gama girbi bai ji ba, zai kai maganar gaban alƙali a raba auren.

Idan ka samu mutane irinmu a bencinka, ka san shagon ya nuna, ana iya wucewa gaba.

Mataki na 3: Ka ba da bashi ga wanda ya fi ka kwalliya

Malaman lekol da ma'aikatan biro, wato na ofis, za su zo da riga a goge, su kira Yamai su tambayi labarin albashi, su daɗe suna tambaya, sannan su ce sai ƙarshen wata. Ka yarda. Ba ƙarya suke yi ba, watannin ne a shekarun nan ba su da ƙarshe.

Abin da ya shigo aljihun tebur kuma kada ka bar shi ya kwana, kuɗi idan sun kwana wuri ɗaya suna saba wa wurin. Alhaji yakan ɗiba ya cika motar albasa, tunda ɗakinsa ne. Sadiƙu yakan ɗiba ya aika wa mutumin Yamai da yake ba shi hayar adireshin, tunda na'urarsa ce. Kowa cikinsu yana da gaskiya, kuma kowa yakan jira ɗayan ya tafi salla.

Idan faktir ɗin masu waya ya zo, wato takardar kuɗin da suke bin ka, kada ka yar. Ka ninke shi da kyau ka danne da gindin wayar don kada fanka ta ɗauke. Na wata mai zuwa ka ɗora a kai. A hankali za ka ga wayar tana ƙara tsawo. Ka ɗauka abokinka ya biya. Shi ma haka zai ɗauka, kada ka raina masa hankali da tambaya.

Mataki na 4: Ku daina magana, amma ku ci gaba da gaisawa

Wannan yana son natsuwa. Faɗa da ihu ba shi da amfani, maƙwabta za su taru su shirya ku.

Ka fara da bango. Alhaji ya rataya kalandar jam'iyyarsa, washegari Sadiƙu ya rataya ta tasa jam'iyyar a sama da ita kaɗan. Sai kowa ya samo wa ɗan'uwansa suna. Alhaji yana kiran Sadiƙu Mushe Mai Fito, mushen Faransanci da ake ce wa 'yan boko. Sadiƙu yana kiran Alhaji Direktan Albasa. Duka a bayan ido, kuma duka a gabanmu.

In akwai maganar da dole a faɗa, ga mutane a benci. Akwai ranar da Alhaji ya ce wa Inna ta gaya wa wancan yaron ƙarfensa ya tare layi tun safe. Sadiƙu, da ke zaune kusa da shi har gwiwarsu na gugar juna, ya ce wa Inna ta gaya wa dattijon nan ƙarfen ne ya kawo Turawan rijiya. Inna ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce musu ita kunnenta ya yi nauyi tun bara.

A wannan Lahadin ne Ɗahiru ya kira ya ce titi ba ciniki, zai bar Abijan ya shiga gonakin koko, bai san wane gari ba tukuna, zai faɗa mana a kira na gaba. Na gaya masa maganar surukinsa. Ya ce a kawo Baba, surukin nasa, wata mai zuwa, zai faɗa masa da bakinsa, bayan tsinkar koko zai dawo ko da ƙafa ne. Fatimata ta ji, ta rufe fuska da mayafi. Kai mai shago, irin wannan ba ruwanka da ita. Ka duba agogo kawai, ka faɗi kuɗin zama.

Mataki na 5: Kwaɗo biyu, kuma ranar kasuwa

Wata rana masu waya za su aiko cewa sun toshe kira daga shago zuwa waje sai an biya, amma na shigowa yana nan tukuna. Na'ura ba ta iya kiran Yamai, ciniki ya tsaya. Lokaci ya yi.

Ka sayi kwaɗo babba ka datse ƙofa, ka ce ba a buɗewa sai an yi maka bayani. Abokinka in mai zuciya ne zai sayo nasa ya ƙara a kai, ya ce shi ma haka. Yanzu ba mai iya shiga sai da ɗan'uwansa, abin da ake kira haɗin gwiwa ke nan. Daga nan sai ka yi tafiya. Alhaji ya bi albasarsa Ƙonni. Sadiƙu ya kwanta da zazzaɓin da ba ya son baƙi.

Kada ka liƙa sanarwa. Yawancin masu zuwa ba su iya karatu ba, ɓarnar takarda ce.

Ranar Lahadin kira mun iso da hantsi, mu huɗu. Baban Fatimata ya sa rigarsa ta Juma'a. Fatimata ta yi lalle hannu da ƙafa, ko da yake ta waya ba a ganin lalle. Muka tarar da ƙofa da kwaɗo biyu. Na je gidan Sadiƙu, ya yi mini magana ta taga, ya ce ko ya buɗe nasa na Alhaji yana nan. Na ce ko a cire ƙyauren a mayar. Ya ce wannan sai jandarma su shigo ciki. Na dawo muka zauna a inuwar bango.

Bayan azahar wayar ta fara ƙara a cikin ɗakin.

Inna ta miƙe ta dafa ƙyauren. Ta ce wa baban Fatimata, "Shi na, Malam. Ka ji shi."

Baban Fatimata ya tsaya ya saurara har ta katse. Ta sake farawa, ya sake saurara. Fatimata ta sa kunne a jikin ƙarfen ƙofar duk da zafin rana. Da wayar ta yi shiru na ƙarshe, baban ya gyara hularsa, ya ce wa Inna, "Na ji ƙara, Kaltumi. Ban ji bakinai ba."

Amma ya ce zai ƙara mana wata guda, zai sake biyan kuɗin motarsa ya zo. Na faɗa maka mutumin kirki ne. Irin waɗannan su ne ke iya ɓata maka shiri, saboda haka mataki na gaba kada ya wuce wata.

Mataki na 6: Ka kira mai rabo wanda ya iya rabo

Kada ku je kotu, kotu tana tambayar takarda. Ku bar dattawan kasuwa su shiga tsakani. Za su ce zumunci ya fi shago, a raba kaya kowa ya kama gabansa. Sai a nemi wanda hannunsa ba ya karkata.

A unguwar nan ba wanda ya kai Ciɗo mahauci. Shi ke yi wa mutane watanda duk salla: a haɗa kuɗi a sayi sa, ya yanka, ya kasa kashi-kashi, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da hantarsa da ɗan kitse. Ba a taɓa jin wanda ya ce kashin wani ya fi nasa ba. Ƙa'idarsa guda ce, duk abin da ke jikin sa, kowa sai ya samu rabonsa a ciki.

Aka sa ranar Lahadi, don dattawan ƙauye su shaida. Lahadin tamu ce. Aka buɗe kwaɗo biyun tare, aka fito da komai aka jera a tabarma tun da hantsi. Ciɗo ya naɗe hannun riga ya yi bisimilla.

Gilashin ordinatar ya tafi dama, akwatin ya tafi hagu. Allon dannawa guda ne, ya ɗan wahalar da shi, sai ya auna shi a hannu ya ga ya yi nauyin fanka ƙarama, ya raba su. Tebur dama, benci da randa hagu. Da ya zo kan wayar, ya juya ta, ya ga tana da gaɓa, sai ya zare kan daga gindin, kai dama, gindi hagu. Sadiƙu ya buɗe baki, ya ga Alhaji yana kallonsa, ya rufe. Duk wanda ya fara cewa a bar wani abu a haɗe, shi ne mai kwaɗayi. Ka riƙe wannan.

Na matsa kusa da Ciɗo na ce ko za a bar wayar zuwa la'asar, muna jiran kira. Ya ce da zuciya ɗaya zai so, amma rabo in an fara ba a barinsa ya sha iska, nan ne zargi ke shiga. Ya zare igiyar daga bango, ya auna ta da kamu, ya ninka biyu, ya sa wuƙa a tsakiya. Yankan ya yi kyau ƙwarai, ko zare bai tashi ba.

Sai ƙuri'a. Alhaji ya ba da goro, Sadiƙu ya ba da murfin biro. Aka tsayar da wani mai sayar da cuku da ya fito daga arewa, bai san kowa ba, aka ce ya ɗora kowanne inda ransa ya so. Goro ya faɗa kan akwati da gindin waya. Murfin biro ya faɗa kan gilashi da kan waya.

Alhaji ya ɓata rai, an ba shi ƙarfen da ba ya nuna komai. Sadiƙu ya ɓata rai, duk saƙonnin mutane suna cikin ƙarfen. Ciɗo ya dubi fuskokinsu ya ce alhamdu lillahi, in duka biyu suka ɓata rai rabo ya yi daidai. Aka shafa fatiha.

Mataki na 7: Abin da bai hau tabarma ba, ba naka ba ne

A nan wani daga cikin masu benci zai yi tambaya. Ka shirya.

Inna ce ta yi. Ta jira aka gama fatiha, ta ce a hankali, "Malam Ciɗo, lambar fa? Kashin wa ta faɗa?"

Ciɗo ya duba dama, ya duba hagu, har ya ɗaga gefen tabarma. Ya ce shi abin da aka ajiye gabansa yake rabawa. Sadiƙu ya ce lamba da sunan Alhaji aka yanke ta. Alhaji ya ce lamba tana tafiya da faktir, faktir kuwa na wanda ƙarfensa ya yi fito ne. Kowa ya yi wa ɗan'uwansa kyautarta a gaban shaidu, kowa ya ƙi karɓa saboda kunya. Ban taɓa ganin karamci irin na ranar ba.

Azahar ta yi, ta wuce. Muna zaune a ƙofar ɗakin da ba komai cikinsa sai kalanda biyu, da gurbin igiya a bango. Ba abin da ya yi ƙara. Baban Fatimata ya zauna tare da mu har la'asar, sannan ya saya wa Inna goro ya tafi neman mota.

Bayan 'yan makonni masu waya suka karɓe lambarsu. Ba wanda ya yi musu gardama.

Mataki na 8: Kada ku yi musaya

Mutane za su zo da shawara. Za su ce ai gyaran mai sauƙi ne, a haɗa akwati da gilashi na yini ɗaya kowa ya kwashi saƙonsa. Mutanen rijiya za su zo da mota fara su roƙa. Masu fata za su ce abokan cinikinsu na can suna kira ba a ɗauka. Ka ba su wurin zama, ka ba su ruwa, ka ce kai ba ka da matsala, a tambayi wancan.

Ka kula da rabonka. Alhaji ya ɗora ma'aunin albasa a kan akwatin, ya ce bai taɓa samun abin da ya zauna daram haka ba. Sadiƙu ya lulluɓe gilashin da zane mai ado, yana goge shi ranar Juma'a. Suna haɗuwa a masallaci su gaisa har da tambayar iyali.

Masu benci kuma za su nemi wata hanya, kada ka ji komai, yawanci ba sa samu. Mu mun ɗauki magana a kaset, Inna ta yi tata, Fatimata ta yi tata a ɗaki ita kaɗai, muka ba wani ɗan Takanamat mai komawa Abijan. Ya zagaya inda Adarawa, mutanen yankinmu, ke kwana, aka ce masa Ɗahiru ya shiga daji wajen koko, ba wanda ya san wane daji. Kaset ɗin ya dawo mana a cikin ledarsa.

Aka yi girbi. Baban Fatimata ya ƙara kwanaki a kan abin da ya faɗa, sannan ya je gaban alƙali. Ranar da za ta tafi, Inna ce ta ɗaure mata kwanoninta, ta raka ta har bayan gari, ta dawo ta ce rana ta yi zafi, ta shiga ɗaki.

In ka kawo nan, ka gama. Shago ya mutu, ba a zagi kowa ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba lauya ba ne, ba malami ba ne, ko waya ba shi da ita. Duk wanda ya bi matakan nan, abin da ya same shi da abin da ya samu mutanen bencinsa tsakaninsa da Allah ne, kada a zo Tebaram nemana. Ban ce Alhaji ya yi laifi ba, ban ce Sadiƙu ya yi ba, Ciɗo kuwa har gobe shi zan kai wa rabon nama.

Haka kuma, idan wata rana wani dogon mutum ya sauko daga motar kudu da jaka a kafaɗa da turmin atamfa na mace a hannu, ya tsaya a ƙofar tsohon shagonka yana tambayar abin da ya sa ba a ɗaukar waya, ba dole ka ba shi amsa ba. Ka nuna masa inda motar Tebaram ke tsayawa. Ni zan riƙe masa jakar, kuma hanyar tana da tsawo.